Chromebook a Makarantun Abuja: Araha a Kanti, Tsada a Aji

Duk ƙarshen dogon hutu, a makon da za a koma makaranta, Banex Plaza da ke Wuse 2 kan cika da wasu masu saye na daban. Ba samarin nan masu canjin waya ba ne. Iyaye ne, kowa riƙe da takardar da makarantar ɗansa ta ba shi. An jera littattafai da yunifom da takalmin wasanni, can ƙasa kuma an ƙara layi ɗaya: kwamfutar tafi-da-gidanka.

Uba zai tambayi kuɗin HP ko Dell ta hannu, a faɗa masa, ya yi shiru. Sai mai shago ya ce, Alhaji dakata, ya sunkuya ya zaro wata siririya marar nauyi mai roba a gefe, ya ce ga irin wadda 'yan makarantar Amurka ke riƙewa, kuɗinta kuma bai kai na waccan ba ko kusa. Ana ɗaga murfin ta kama. Kafin a gama ciniki ta gama tashi. Batir kuwa, in ji mai shago, sai ta wuni ba ta nemi caji ba.

Sai an je gida ake ganin sauran labarin. Yaro ya buɗe, ta ce a haɗa ta da intanet. An jona ta da wayar mahaifiyarsa, ta nemi adireshin imel na Google. An shiga, ya duba ina Word, babu. CorelDraw da malamin kwamfuta ya ce a saka kuwa, sam ba ta karɓa. Washegari uban ya koma kasuwa yana faɗa, wai an sayar masa da rabin kwamfuta.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, uban ma bai yi rashin hankali ba. Chromebook ce, kwamfutar da aka gina ta a kan burauzar Chrome, kuma an ƙera ta ne don wani irin aji da wani irin tanadi. Tambayar da makarantun Abuja ke fuskanta yanzu ita ce ko suna da wannan tanadin, ko kuwa sun shirya biyan kuɗinsa.

Abin da ya taso da maganar

Na farko dai jarrabawa ce. JAMB, wadda hedikwatarta ke Bwari, ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta yi sallama da takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ta biyo baya a farkon 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta kacokan a 2026. Hankalin shugabannin makarantu ya tashi, ganin cewa masu zana WAEC kaɗai sun doshi miliyan biyu a shekara. Majalisar Wakilai ta sa baki, ta nemi a jinkirta zuwa 2030. Ko a jinkirta ko kar a jinkirta, kowa ya ga inda aka dosa. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi tun kafin ya karanta tambayar farko.

Ga kuma sabon tsarin darussa da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, wanda ya sa ilimin fasahar zamani tun daga manyan ajujuwan firamare har sakandare. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA a nata ɓangaren tana ta maimaita burin cewa kashi 70 cikin ɗari na 'yan Nijeriya su iya amfani da fasahar zamani zuwa 2027.

Sai kuɗi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Kwamfuta kuwa da dala ake shigo da ita. Ana cikin haka Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke ɗakunan makarantu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai makarantar da ke neman kwamfuta 50 ko 100 dole ya waiwayi abin da ya fi sauƙi.

Wace irin kwamfuta ce?

Google ya sanar da ChromeOS a 2009, kamfanonin Samsung da Acer suka fitar da Chromebook na farko kasuwa a tsakiyar 2011. Tunanin da ke bayanta mai sauƙi ne. Tunda yawancin abin da mutum ke yi a kwamfuta a cikin burauza yake yi, me zai hana a cire duk sauran tarkacen, a bar burauzar kaɗai? Rubutu a Google Docs, lissafi a Sheets, aikin gida a Google Classroom wanda aka ƙaddamar a 2014. Abin da ɗalibi ya rubuta ba a cikin na'urar yake zama ba, yana can a rumbun Google, ƙarƙashin sunansa.

Mazaunin Abuja zai fi gane bambancin ta hanyar ruwa. Kwamfutar Windows randa ce, abin da ka zuba yana nan a ɗakinka, amma wanke ta da rufe ta da tsare ta daga ƙazanta duk a wuyanka suke. Chromebook famfo ce. Ba ruwanka da wanki, ba ruwanka da ajiya, muddin ruwan na zuwa.

Amfanin wannan tsari ga makaranta ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya taɓa kula da ɗakin kwamfuta ya san haka. Abin da ke kashe irin waɗannan ɗakuna ba kasafai sata ko gobara ba ce. Filas ne da ɗalibi ya kawo daga shagon buga takardu ɗauke da cuta. Windows ce ta bogi da ke ta kukan lasisi. Mai gyara ne da za a kira ya goge komai ya sake sakawa, a biya shi, bayan wata biyu a sake kiransa. ChromeOS tana sabunta kanta, tana bincikar kanta duk lokacin da aka kunna, kuma ba ta karɓar irin manhajojin da cututtukan Windows ke bi su shigo. Idan ta rikice, a cikin 'yan mintuna ake mayar da ita sabuwa. Idan ta faɗi ta fashe, yaro ya ɗauki wata ya shiga da sunansa, aikinsa na nan inda ya bar shi. Kwamfuta ɗaya za ta iya yi wa yara goma hidima a rana ba tare da aikin wani ya shiga na wani ba.

Wannan ne ya sa ta mamaye makarantun Amurka. Tun wajen 2016 fiye da rabin na'urorin da makarantun can ke saya Chromebook ne, lokacin kullen korona a 2020 kuma aka sayar da kusan miliyan 30 a duniya. Japan ma, da ta tashi ba kowane ɗalibi na'ura, kaso mai tsoka na abin da ta saya Chromebook ne. Sai dai duk waɗannan ƙasashe ne da ba a tambayar ko akwai wuta yau.

Galadima da Jabi, 2007

Abuja ba baƙuwar wannan mafarki ba ce. Hasali ma ta taɓa zama dandalin da duniya ta zuba wa ido a kansa.

A 2005 Farfesa Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa, a kan dala 100 kacal. An nuna samfurinta a Tunis a ƙarshen shekarar, Kofi Annan na tsaye a gefe. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta nuna sha'awar sayen miliyan guda. A watan Maris na 2007 aka raba 'yan ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari, kusan 300, ga ɗaliban makarantar firamare ta gwamnati, wato ta LEA, da ke Galadima, ta wajen Gwarimpa. Aka kafa tauraron intanet, aka kawo janareta. Yara suna tafiya da su gida. 'Yan jaridar duniya suka yi ta zarya, ana ɗaukar hoton yara a cunkushe a kan benci kowa da tasa a cinya.

A daidai wannan lokaci, can Jabi, kamfanin Intel na gwada tasa kwamfutar mai suna Classmate a ƙaramar sakandaren gwamnati. Shi ya bi wata hanya dabam: ya gyara ajujuwa, ya horar da malamai, ya saka Windows. Wato manyan abokan hamayya biyu a kasuwar kwamfutar yaran ƙasashe matalauta, dukansu a Abuja suka zo gwada ƙwanji, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna a mota.

Abin da ya biyo baya a Galadima ya cancanci duk mai shirin sayen Chromebook ya san shi. Yaran sun iya na'urar cikin sauri, har wasunsu suka koyi kwance ta da gyarawa. Amma cikin 'yan watanni, gommai daga cikinsu sun lalace ko sun ɓace. Caji ya zama aiki, domin sai janareta ya samu mai. A watan Yuli labari ya bazu a kafafen watsa labarai na duniya cewa wasu ɗalibai na shiga shafukan batsa, domin an buɗe musu intanet ba tare da an sa matata ba. Kafin shekara ta ƙare wani kamfani mai suna Lancor ya maka shirin a kotu a Legas, yana zargin an kwaikwayi allon madannansa na Konyin mai haruffan harsunan Nijeriya. Farashin da aka ce dala 100 ya doshi 200.

Gwamnati kuma ta canza. Ministan Ilimi na zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya tambayi amfanin raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ko yunifom. Miliyan ɗin nan ba a saye ta ba.

Masu kare shirin kan ce siyasa ce ta kashe shi, ba fasaha ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ai siyasar ma tana cikin lissafi. Duk shirin da rayuwarsa ta rataya a kan zaman mutum ɗaya a kujera, da man janaretan da babu shi a kasafin kuɗin makaranta, to da ciwonsa aka haife shi. Allon kwamfuta mai suna Opon Imo da gwamnatin Rauf Aregbesola ta raba a Osun daga 2013 ma ya sha irin wannan yabo a farko, daga baya aka daina jin ɗuriyarsa.

Yadda ake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen na'ura. Chromebook a makaranta ba ta da wani armashi sai an ɗaure ta da tsarin kulawa, shi kuma yana da matakansa.

Makaranta za ta mallaki adireshinta na intanet, kamar masu ƙarewa da .sch.ng da hukumar NiRA ke kula da su. Da shi za ta nemi Google Workspace for Education, wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantar da aka tantance. Daga nan ake buɗe wa kowane malami da ɗalibi asusu da sunan makarantar. Sannan kowace na'ura a saya mata lasisin kulawa, kusan dala 40, biya ɗaya har ƙarshen rayuwarta, a shigar da ita rajistar makaranta kafin kowane yaro ya taɓa ta.

Wannan lasisin ne masu neman rangwame kan tsallake, alhali shi ne zuciyar abin. Da shi mutum ɗaya daga teburinsa zai toshe shafukan da bai kamata yaro ya gani ba, ya hana shiga da asusun waje, ya tura wa 'yan aji uku manhajar lissafi a lokaci guda, ya kulle na'ura a kan shafin jarrabawa kaɗai, ya kuma kashe wadda aka sace ta zama ba ta da amfani ga ɓarawon. Abin da ya ba Galadima kunya a 2007, yau saiti ne na 'yan mintuna. In kuwa babu lasisin, makaranta ta sayi tarin burauzoji ne kawai ta miƙa wa yara.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar sayen komai, kuma a ganina da ita ya kamata makarantun gwamnati su fara. A ƙarshen 2020 Google ya sayi wani kamfani mai suna Neverware, a 2022 ya fitar da aikinsa da sunan ChromeOS Flex. Manhaja ce kyauta da ake sakawa a tsohuwar kwamfutar Windows ta koma aiki kamar Chromebook. Abin da take nema kaɗan ne: ƙwaƙwalwa gigabait 4, ma'aji gigabait 16, da filas mai gigabait 8 da za a ɗora ta a kai. Ana iya gwada ta daga filas ɗin ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, amma ranar da aka saka ta sosai, komai na ciki ya tafi. Ba ta ɗaukar manhajojin Android, kuma Google na da jerin kwamfutocin da ya tabbatar tana aiki a kansu, gara a duba shi tukuna.

A makarantu da dama, daga Nyanya zuwa Gwagwalada, akwai ɗakin da aka lulluɓe kwamfutoci da zane, kyautar wani banki ko kamfanin waya ko ɗan majalisa, ko kuma asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC. Malami ɗaya da filas ɗaya zai iya tayar da goma daga cikinsu a mako guda. Idan aka yi zango ɗaya ana karatu da su, makarantar za ta san gaskiyar wutarta da sabis ɗinta da malamanta kafin ta sa hannu a takardar kowane ɗan kwangila. Matsalar wannan hanya ɗaya ce, babu kwangila a cikinta, babu kuma ranar yanke ƙyalle.

Tarkon ta hannu

Yawancin Chromebook masu araha da ke kasuwanninmu, a Banex ko titin Beirut a Kano, waɗanda makarantun ƙasashen waje suka gama da su ne. Abu biyu ke biyo su.

Wasu na zuwa a kulle. Makarantar da ta sayar ba ta cire su daga rajistarta ba, don haka ko an goge su, suna hawa intanet sai su koma neman asusun wata gundumar ilimi a Amurka. Babu mai buɗe su ta halastacciyar hanya sai waccan makarantar. Mai saye ya sa a jona ta da intanet a gabansa, ya shiga da nasa asusun, kafin ya ƙirga kuɗi.

Na biyu, kowace Chromebook tana da ranar da Google zai daina sabunta ta, kuma daga shekarar ƙirar samfurin ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba. A 2023 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka, PIRG, ta fitar da rahoton da ya nuna yadda makarantu ke zubar da na'urori masu rai saboda wannan wa'adi. A watan Satumban shekarar Google ya ce samfuran 2021 zuwa sama za su samu shekara 10. Tsofaffin da suka riga suka wuce wa'adinsu kuwa, irin su ne ke sauka a tashoshinmu. Za su kunna, za su yi aiki, amma sannu a hankali wasu shafuka za su fara ƙin buɗewa. Ranar tana rubuce a cikin saitin na'urar, duba ta ba ya ɗaukar minti biyu. Araha dai ba ta ado.

Wuta da data

Ta fuskar wuta, Chromebook ta fi kwamfutar tebur dacewa da mu. Cajarta ba ta wuce wat 45 a yawancin samfura, ke nan guda 30 ko a tare aka jona su ba za su kai kilowat ɗaya da rabi ba. Madaidaiciyar sola za ta ɗauke su, kuma ɗauke wuta ana tsakiyar darasi ba ya kashe aji. Wannan abin dubawa ne a garin da masu layin Band A suka wayi gari a Afrilun 2024 an ninka musu kuɗin wuta fiye da sau uku, waɗanda ba sa kan layin kuma suke zaman jiran kamfanin wuta na AEDC.

Intanet ne gagarumin aiki. Gaskiya ne Docs da Sheets da Slides na aiki ba tare da sabis ba, amma sai an kunna wannan damar tun da farko, kuma shigar farko ta kowane yaro a kowace na'ura sai da intanet. Aji mai yara 40 da ke buɗe bidiyo ɗaya a lokaci guda ya fi ƙarfin 'yar na'urar sabis da ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta. A Maitama da Asokoro da Wuse ana iya jawo wayar intanet har cikin aji. A ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje kuwa, akwai inda sai an fita fili ake amsa kira. Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ya buɗe wata ƙofa, amma kuɗin wata-wata ne da ba ya jiran a saki kasafi. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari.

Akwai dabarar rage wannan nauyi. Ana ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta ɗaya a makaranta a cika ta da darussa, ta watsa su ga sauran ta Wi-Fi na cikin gida ba tare da an ci data ba. Manhajar Kolibri haka take aiki, Kiwix kuma na ɗauke da Wikipedia har da ta Hausa. Nigeria Learning Passport, da Ma'aikatar Ilimi ta ƙaddamar da UNICEF da Microsoft a 2022, yana da darussa cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci. Tunda duk a burauza ake buɗe su, Chromebook ta wadatar.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya dubi Indunusiya. Tsakanin 2019 da 2022 ma'aikatar ilimin ƙasar ta kashe kusan rupiya tiriliyan 10 a shirin da ya sayi Chromebook fiye da miliyan guda. A 2025 masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike, suna cewa gwajin da aka yi tun farko ya nuna na'urar ba ta dace da yankunan da intanet ba shi da ƙarfi ba, amma aka yi gaban kai. A watan Satumba aka tsare tsohon ministan ilimi Nadiem Makarim, wanda ya kafa kamfanin Gojek. Ya musanta zargin, yana cewa makarantun da ke da intanet aka nufa da su. Ko wane ne mai gaskiya, gardamar duka a kan tambaya ɗaya take: an auna sabis kafin a saya?

Abin da ba ta iyawa

Malaman kwamfuta na da nasu ƙorafin, kuma ba na ƙin sabon abu ba ne. Littattafan da suke koyarwa da su an rubuta su ne a kan Word da Excel da Access da CorelDraw. Word da Excel suna da na burauza, sauran biyun kuwa ba sa hawa ChromeOS. Ɗalibin da zai nemi aiki a shagon buga takardu ko ofishin gwamnati a Sakatariya, Windows zai tarar. Masu goyon bayan Chromebook kan amsa cewa yaron da ya iya rubutu da tsara shafi da lissafi a Docs da Sheets ba zai yi mako bai saba da na Microsoft ba. Ga firamare da ƙaramar sakandare, ina ganin su ne da gaskiya. Ga manyan ajujuwa kuwa, makaranta ta bar wasu kwamfutocin Windows a gefe.

Mai makarantar da ke hangen mayar da ɗakin kwamfutarsa cibiyar JAMB ya ƙara yin hattara. Hukumar ta daɗe tana neman kwamfuta 250 a haɗe da waya, ba ta iska ba, yawancin Chromebook kuwa ba su da ramin wayar. A nemi sharuɗɗan hukumar jarrabawa a rubuce kafin a saya.

Malamin Hausa ma yana da tasa. Allon madannan da ke zuwa daga Amurka ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Ana iya fitar da su ta danna Ctrl da Shift da U sannan a buga lambar harafin, 0199 ga ƙ, 0257 ga ɗ, 0253 ga ɓ, amma wane ɗan aji huɗu ne zai rubuta insha'i a haka? Wayar Android da ke aljihun mahaifinsa ta fi sauƙin rubuta Hausa.

Bayanan yara a hannun wa?

Duk abin da yaro ya rubuta, da shafin da ya buɗe, da makin da ya ci, suna bi ta rumbun wani kamfani a wata ƙasa. Google na cewa ba ya sa talla a manyan manhajojinsa na makarantu, ba ya kuma amfani da bayanan ɗalibai don talla. Duk da haka a 2022 hukumar kare bayanai ta Denmak ta dakatar da amfani da Chromebook a makarantun garin Helsingor, bayan ƙorafin wani uba, aka kuma shafe shekaru ana ja-in-ja. Jihar New Mexico a Amurka ta kai Google kotu a 2020 kan bayanan ɗalibai, daga baya suka sasanta.

A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo za a sarrafa bayanan yaro, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Ofishin hukumar kare bayanai ta NDPC a nan Abuja yake. Makarantar da ta buɗe wa yara 500 asusu ba tare da takardar yardar iyaye ba, ita doka za ta fara tambaya, ba Google ba.

Wa zai riƙe makullin?

Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bi diddigin makarantu sama da 300 a Peru, ƙasar da ta sayi kwamfutocin nan irin na Galadima da dubban ɗaruruwa. Sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yara sun iya kwamfuta, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. Rahoton UNESCO na 2023 ya ƙara da cewa ƙwaƙƙwarar hujja kan amfanin fasaha a aji ba ta da yawa, kuma da dama daga cikin wadda ake da ita masu sayar da kayan ne suka samar.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC ta gina makarantun zamani na gwaji a jihohi, na Abuja yana Karshi, da tallafin hukumar KOICA ta Koriya ta Kudu wajen kayan aiki da horar da malamai. Abu ne mai kyau. Amma a wannan birnin dai, a 2025, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Malamin da ke bin bashin albashi ne ake so ya zauna da dare ya tsara darasi a Google Classroom da datar da ya saya da kuɗinsa. Makarantun kuɗi na Gwarimpa da Lokogoma za su zuba kuɗin intanet a cikin kuɗin makaranta, iyaye su yi gunaguni su biya. Makarantar LEA ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba ya shiga takardar kwangila. Dukan tsarin nan a kan asusu ɗaya yake tsaye, na mai kulawa. A makarantu da yawa ɗan hidimar ƙasa ne ke koyar da kwamfuta, shi zai buɗe asusun da lambar wayarsa, ko kuma ɗan kwangilar da ya kawo kayan ya yi rajistar adireshin da sunan kamfaninsa. Bayan shekara ɗan hidima ya karɓi takardarsa ya koma garinsu, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa. Na'urori suna nan lafiya, amma babu mai iya ƙara sabon ɗalibi ko canza kalmar sirrin wanda ya manta tasa. Maganin shi ne a naɗa malamai biyu na dindindin a matsayin masu kulawa tun ranar farko, a kuma tabbatar da sunan makaranta ne a kan rajistar. Domin ranar da aka rasa asusun, Google zai nemi makaranta ta nuna cewa adireshin nata ne. Adireshin kuwa shekara-shekara ake sabunta shi, kuma saƙon tunatarwa imel ɗin wanda ya yi rajistar yake zuwa.